Ina Kuɗin Ƙera Cip Ke Tafiya?

 Yau za mu leƙa masana'antun ƙera cip, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa waya da kwamfuta da mota, mu ga abin da ke cin kuɗi a aikin.

Silikon da ake yin cip da shi daga ma'adinin yashi ake tace shi, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Injuna ne ke lashe dukiyar. Masana'anta guda ta zamani kan ci dala biliyan 20, mafi yawa a kan injuna. Gagarabadau a cikinsu shi ne na kamfanin ASML da ke Holan, mai zana layuka a kan faifan silikon da wani haske na musamman. Kafin a samu hasken nan, sai an harbi ɗigon narkakken kuza har 50,000 da hasken leza a kowace daƙiƙa. Injin ɗaya ya haura dala miliyan 150, sabon samfurinsa kuwa ya haura miliyan 300, kuma duk duniya babu mai ƙera irinsa.

Kamfanin ƙera cip na TSMC da ke Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987, yana lissafin darajar injunansa ta ƙare cikin shekara 5. Shi ya sa aiki ba dare ba rana, domin injin da ya tsaya asara yake tarawa.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Faifai mai faɗin milimita 300 kan shafe kusan wata uku yana bin ɗaruruwan matakai. Ma'aikata a rufe suke ruf daga kai har ƙafa, saboda ƙwayar ƙura ɗaya da ido ba ya gani ta isa ta kashe cip. Mu ƙaddara faifan na ɗauke da cip 500. Idan 450 suka fita lafiya, ciniki ya yi kyau. Idan 250 ne, kuɗin kowanne ya kusa ninkawa, alhali abin da aka kashe bai ragu da sisi ba. Mai tuyar waina ta san wannan: itace da mai sun tafi, ko wainar ta tashi ko ta ƙone.

Ga kuma kuɗin wuta da tataccen ruwa. Lokacin da aka yi fari a Taiwan a 2021, sai da TSMC ya koma sayen ruwa a tankoki. Wurin da aka kafa masana'anta ma yana da tasiri. Morris Chang ya taɓa cewa ƙera cip a Amurka ya fi na Taiwan tsada da kusan kashi 50 cikin 100, kuma a 2022 Amurkan ta ware sama da dala biliyan 52 don tallafa wa harkar.

Wannan tsada ce ta sa kamfanin GlobalFoundries ya janye daga tseren ƙera cip mafi zamani a 2018, aka bar TSMC da Samsung da Intel a sahun gaba. Abin damuwa ne matuƙa, domin fari ko rikici a tsibirin Taiwan, inda TSMC yake, na iya tayar da farashin kaya a kasuwannin duniya, talaka kuma shi ke fara ji a jikinsa.