Daga turke zuwa tauraron ɗan'adam: wa ke yanke shawarar inda kiranka zai bi?

Duk wanda ya taɓa yin waya a cikin mota ya ci moriyar wani aiki da bai sani ba. Idan sabis ɗin turken da wayar ke kai ya fara rauni, sai a miƙa kiran ga turke na gaba ba tare da ya katse ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: wanda siginarsa ta fi ƙarfi shi ke karɓa.

Wannan ma'auni ba ya wadatarwa idan mai karɓar tauraron ɗan'adam ne. Turke a kafe yake, amma taurarin Starlink da ke nisan kimanin kilomita 550 suna gudun da ya kai kilomita 27,000 a awa ɗaya, don haka kowanne 'yan mintuna kawai yake yi a saman mutum. Ga shi kuma ƙarfin siginar bai cika bambanta tsakanin tsakiyar yankin da tauraron ya haska da gefensa ba. Wayar da ta dogara da ƙarfin sigina kaɗai za ta makara, ko ta yi ta kai-kawo tsakanin sama da ƙasa tana cinye batir.

Dalilin ke nan da ya sa ƙa'idojin 3GPP na 17, waɗanda aka kammala a 2022, suka ba da damar a yi miƙawar bisa lokaci da kuma wurin da wayar take, tunda an san hanyar da kowane tauraro zai bi. Masu bincike na son a wuce nan: na'ura ta koyi inda sabis ke yankewa, ta lura da cunkoso da irin aikin da ake yi, ta shirya miƙawar tun kafin a buƙace ta.

Sai dai mutum ne ke faɗa wa na'ura abin da za ta fifita. Ingancin kira, ko ribar kamfani? Idan tauraron ya cika, wa za a fara saukewa?

Akwai kuma batun iko. A watan Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanoni su rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, daga baya aka yi haka a sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Wasu na ganin tauraron ɗan'adam zai kawo ƙarshen irin wannan. Da wuya. A tsarin da T-Mobile da SpaceX suka sanar a Amurka a 2022, tauraron yana aiki ne da zangon sadarwar kamfanin wayar, wanda gwamnati ta ba lasisi. Idan aka kwaikwayi tsarin a nan, wasiƙar da ta kashe turakun Zamfara za ta iya hana a miƙa kiran zuwa sama.