Ma'anar kalmar "419" da yadda ake amfani da ita

Daga babbar kasuwar Jimeta zuwa tashar motar Jambutu da unguwannin cikin garin Yola, idan aka ce wane "ɗan 419" ne, mai jin Hausa da mai jin Fulatanci duk sun san abin da ake nufi. Ana furta kalmar da Turanci, lamba bayan lamba: "fo-wan-nain".

Asalinta sashe na 419 ne na kundin dokokin manyan laifuka na Najeriya, wanda ya tanadi hukunci ga duk wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara. Abin lura shi ne, a jihohin Kudu ake aiki da wannan kundi. Arewa, har da Adamawa, tana bin kundin Final Kod ne tun 1960. Ke nan lambar ba ta kotu ta iso Yola ba, ta bakin jama'a da jaridu ta zo.

A yau kalmar na ɗauke da ma'anoni uku. Na farko, ita kanta damfarar, musamman wadda ake neman mutum ya biya kuɗi tukuna kafin ya samu wata garaɓasa da ba ta wanzu ba. Na biyu, mai aikata ta. Na uku, duk wani abu na bogi, kamar takardar fili ko alkawarin samar da aiki. Shi ya sa masu gidaje kan rubuta gargaɗi a bango cewa gidan ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan 419.

Ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya shigar da kalmar a watan Disambar 2024, tare da wasu kalmomin Najeriya irin su "japa" da "suya".

Sai dai shigarta ƙamus bai rage mata kaifi ba. Abokai kan jefi juna da ita cikin raha, amma laƙaba ta ga ɗan kasuwa a bainar jama'a ba tare da hujja ba na iya zama ɓata suna da zai kai mutum gaban alƙali. Ga wanda kuwa aka same shi da laifin, dokar tarayya ta 2006 kan irin wannan damfara ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, babu zaɓin biyan tara.