Abin da Tafkin Kainji Ya Shanye

A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Ruwan Kwara ya hau, ya cinye tsohuwar Bussa da tsibiran Gungawa da dama a ƙasar Yauri, aka tashi mutum sama da 40,000 aka sake musu matsuguni. A shekarar nan ce kuma Masar ta gama ɗauke gidan bautar Abu Simbel: aka yayyanka dutsensa, aka sake harhaɗa shi bisa tudu don kada ruwan madatsar Aswan ya haɗiye shi. A nan kuwa, wa zai tumɓuke tsohuwar kuka ko kabarin kaka ya kai sabon gari? Wuraren tsafin Gungawa sun tafi ƙarƙashin ruwa.

Abin da ya tsira shi ne wanda aka ɗauka a hannu da a baki. Kayan tarihin Kisra sun bi sarautar Borgu zuwa Sabuwar Bussa, labarinsa ma ya bi su. Ana cewa Kisra sarki ne daga gabas da ya ƙi karɓar Musulunci, ya yi ƙaura yamma da jama'arsa, 'ya'yansa uku, Woru da Sabi da Bio, suka kafa Bussa da Nikki da Illo. Ni dai ban yarda wani sarki daga gabas ya taɓa shan ruwan Kwara ba. Amma labarin ya yi aikinsa: ya mai da masarautu uku 'yan ɗaki ɗaya, ya ajiye Bussa a matsayin wa.

Ƙasar Yelwan Yauri ta girmi wannan labari. Kafin ruwa ya zo, masu haƙar tarihi sun tono wani tsohon tudu kusa da garin, suka samu gumakan yumɓu da aka kimanta an yi su tsakanin shekara ta 100 da ta 700 Miladiyya. Wa ya ƙera su, me ake yi da su, babu mai tunawa.

Yaron da ya tashi a tsibiri kafin ruwa ya hau, yau ya haura sittin. Masarautar Yauri da malaman tarihi na jami'o'in Kebbi, ku shiga Ngaski da Shanga da rikoda, ku zauna da dattawan nan tun suna raye.