Tsohon Kuɗi Da Ƙyallinsa: Kada Mu Yi Gyaran Gangar Auzinawa

A zangon karatu na biyu, wata ɗaliba 'yar aji uku ta kawo mini tsofaffin kuɗi guda biyar a ƙulle cikin tsumma. Ta ce a ƙasan adudun kakarta aka same su, a nan Sandamu. Uku sun yi fari fat, gama ta kwana tana dirje su da toka da lemun tsami don su yi kyau kafin malam ya gani. Biyun da barci ya hana ta taɓawa suna nan da duhunsu. Na yaba mata ƙoƙarinta, amma dole na gaya mata gaskiya: biyun nan da ta raina sun fi ukun daraja. Ga dalili.

Kakanninmu da wuri suke ciniki. A 1907 Turawan mulki suka fara buga anini da kwabo masu huda a tsakiya, da tauraro da rubutun Larabci a jikinsu. A 1913 aka fito da taro, sisi, sule da dala na azurfa, amma daga 1920 aka koma yin su da ƙarfe mai ruwan tagulla. Akwai kuma babban kuɗin azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya, wanda matan Fulani ke ado da shi. Shekarar 1780 ce a jikin kusan kowanne, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara bayan rasuwar sarauniyar. Ran 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, tsofaffin kuɗi suka koma cikin adudu da tukwane.

To, daga ina ƙyallin sabon kuɗi yake fitowa? Ba shafe ba ne, ba kuwa goge shi aka yi ba. A ma'aikatar buga kuɗi, ana matse ƙarfen tsakanin hatimi biyu da ƙarfin gaske, har fuskarsa ta malala daga tsakiya zuwa baki. Wannan malala takan bar 'yan layuka sirara ƙwarai, kamar kunyoyin gona, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Su ne ke watsa haske. Shi ya sa in ka juya sabon kuɗi a rana za ka ga hasken yana zagaya shi kamar ƙafar keke. Sau ɗaya tak ake yin kunyoyin nan, ranar da aka buga kuɗin. In sun baje, ba maƙerin da zai iya mai da su.

Duhun da tsohon kuɗi ke yi kuma ba datti ba ne. A cikin iska akwai ɗan burbushin farar wuta, wato kibiritu. Akwai shi kuma a cikin ƙwai, albasa, roba da wasu takardu. In ya haɗu da azurfa, sai su haifar da wata 'yar fata siririya a kan kuɗin. Tun tana siririya takan ba da launin rawaya, in ta ƙara kauri ta koma ja-ja, sa'an nan shuɗi, daga ƙarshe baƙi. Kun taɓa ganin launin bakan gizo in man fetur ya ɗiga a kan ruwa? Haka haske ke yi da wannan fata. Jan ƙarfe shi kuwa daga ja yakan koma ruwan ƙasa. Abin lura shi ne, muddin fatar ba ta yi kauri da yawa ba, kunyoyin suna nan lafiya a ƙarƙashinta, ƙyallin ma yana ratsowa. Masu tara tsofaffin kuɗi a Ingila da Amurka sukan ƙara farashi saboda irin wannan launi in ya yi kyau.

A can, masu son kuɗi ya yi fari sukan tsoma shi cikin wani ruwan magani mai asid na 'yan daƙiƙu. Ruwan yakan cinye fatar nan take. Amma ku tuna, fatar daga jikin azurfar ta samu, saboda haka duk tsomawa ɗaya sai ta tafi da ɗan naman kuɗin. Tsomawar farko mai yiwuwa ba za a gane ba. In an maimaita, kunyoyin sukan baje kamar gonar da ruwa ya wanke, kuɗin ya yi fari amma dishi-dishi, ba rai. Ga shi kuma ruwan yana da guba, ba abin wasan yara ba ne. Namu na gida, wato toka, yashi, tsamiya da lemun tsami, sun fi ɓarna, gama ban da cin ƙarfen har da karce shi suke yi. Dillalin da ya san aikinsa a Kasuwar Kurmi ta Kano, da ya ɗaga kuɗi a rana zai gane an dirje shi, ya karya farashi.

Saboda haka, in kun sami tsohon kuɗi a gida:

1. Kada ku dirje shi da kome.
2. Ku riƙe shi ta gefe, domin gumin yatsa yana barin tabo.
3. In ƙasa ce a jikinsa, ku ɗauraye da ruwa mai tsabta, ku ɗora a kan tsumma mai laushi ya bushe.
4. Ku ajiye kowanne daban a busasshen wuri, nesa da roba da hayaƙin murhu.
5. In kun ga kore-kore a kan kwabo, wannan ciwo ne mai cin ƙarfe. Ku ware shi, ku nuna wa malami.
6. Ku tambayi tsofaffi labarinsa, ku rubuta. Wataƙila cikin sadakin kakarku ya zo.

A cikin Luka sura 15, Yesu ya ba da misalin macen da ta kunna fitila ta share ɗaki saboda kuɗin azurfa guda da ya ɓace mata. Ba don yana ƙyalli ta neme shi ba, sai don ta san darajarsa. Ɗalibar nan ta mai da kuɗi biyun da suka tsira wurin kakarta, a naɗe cikin farin ƙyalle, ta kuwa dawo da labarin shanun da aka sayar aka same su. Ku ma in kun je hutu, ku roƙi izini ku duba adudun gida, amma ku bar toka a murhu.