Yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe kalma: rubutu daban, ma'ana daban

Sau da yawa ɗalibi kan bi shafi da ido har sau uku, amma da zarar an tambaye shi abin da ya karanta sai ya kama inda-inda. Binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa hanyoyi biyu ƙwaƙwalwa ke bi wajen riƙe kalma, kuma kowace da abin da ke ƙarfafa ta.

Ta farko ita ce tunawa da gangan, wadda ake buƙata a zauren jarrabawa. A shekarar 1975, Fergus Craik da Endel Tulving na Jami'ar Toronto da ke Kanada sun riƙa nuna wa mutane kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kowace da tambayarta: ko da manyan haruffa aka rubuta ta, ko amonta ya yi daidai da na wata kalma, ko kuwa za ta dace da wata jimla. Da aka yi musu gwajin ba-zata, kalmomin da suka yi tunanin ma'anarsu ne suka fi zama, waɗanda suka duba siffar rubutunsu kawai kuwa suka zo ƙarshe.

Hanya ta biyu ta fi ban mamaki, domin mai ita bai san tana aiki ba. A 1970, Elizabeth Warrington da Lawrence Weiskrantz a Ingila sun gwada marasa lafiya masu matsananciyar mantuwa. Sun gaza wajen tuno kalmomin da aka nuna musu, amma da aka ba su haruffan farko sai kalmomin suka riƙa zuwa bakinsu kusan kamar masu lafiya. Misali da Hausa: a nuna wa mutum "takobi", an jima a rubuta masa "tak" a ce ya ƙarasa, takobin kan riga takarda da takalmi zuwa, ko da zai rantse bai gan shi ba.

A nan ma'ana ba ta da wani tasiri mai yawa. Larry Jacoby da Mark Dallas sun nuna a 1981 cewa ganin rubutun ne ke barin wannan sawu, kuma yakan ragu sosai idan jin kalmar aka yi da kunne.

Daga baya Jacoby ya gano cewa karanta kalmar da aka rubuta ba daidai ba kan gurɓata rubutun mai karatun kansa. Abin lura ne ga masu karanta Hausa a Facebook da WhatsApp, inda ake yawan rubuta "kasa" a gurbin "ƙasa", da "dari" a gurbin "ɗari".