Jituwar Aikau da Aikatau a Nahawun Ingilishi

Daga cikin kurakuran da suka fi zubar wa ɗalibi maki a jarrabawar Ingilishi akwai rashin jituwar aikau da aikatau. Abin nufi da jituwa shi ne aikatau ya dace da aikau ta fuskar adadi, wato tilo da tilo, jam'i da jam'i. Tushen matsalar ga Bahaushe kuwa shi ne harsunan biyu ba wuri ɗaya suke ɗora alamar ba.

A Hausa ana cewa "yaro yana gudu", "yarinya tana gudu", "yara suna gudu". Kalmar "gudu" ba ta motsa ba. Wakilin sunan da ya gabace ta shi ya ɗauki nauyin jinsi da adadi. Hasali ma, idan aikatau na Hausa ya sauya kama, sau da yawa karɓau yake duba: "ya sayi doki", "ya saye shi", "ya saya".

Ingilishi kuwa aikau yake waiwaya. Ana cewa "the boy runs", amma "the boys run". A nan ne ɗalibi kan ruɗe, domin ɗafin -s a jikin suna jam'i yake nunawa, a jikin aikatau kuwa tilo. Wanda ya rubuta "the boys runs" ya zaci alamar jam'i ce ya maimaita. Wannan ɗafi ragowa ce ta ɗafe-ɗafe masu yawa na tsohon Ingilishi. Daga arewacin Ingila ya bazu, ya ture ɗafin -eth, wanda ake gani a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611.

Tarko na biyu shi ne sunan da ya ratsa tsakani. A jimlar "the box of matches is empty", akwatin ne aikau, ba ashana ba, saboda haka "is" ya dace. Haka nan "everybody" da "each" tilo ne, kamar yadda Bahaushe ke cewa "kowa ya sani", ba "kowa sun sani" ba. Kalmomi irin su "news" da "mathematics" tilo ne duk da -s da ke ƙarshensu. Amma inda aka yi amfani da "neither" da "nor", sunan da ya fi kusa ake bi: "neither the teacher nor the pupils are here".

Sunan tattarau kuwa akwai saɓani a kansa. Turawan Ingila kan ce "the committee are" idan mambobin ake nufi, na Amurka galibi "is" suke fifitawa.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya zaɓi aikatau, ya kamata ya tambayi kansa: wane ne mai aikin, kuma shi kaɗai ne ko suna da yawa? Idan ya gano jigon aikau, sauran aikin mai sauƙi ne.