Kafin a Kai Yaro Gidan Reno, a Dubi Tsakar Gida

A garuruwa irin su Jos da Kaduna da Yola, mata ma'aikata da masu zuwa kasuwa sukan bar ƙananan 'ya'yansu wurin wata maƙwabciya tun da safe, su biya ta a ƙarshen wata. Sana'a ce mai kyau, tana kuwa rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma sa'ad da uwa ta je duba wurin, ɗaki take leƙawa, ta ga tsabta, ta ce madalla. Yaron kuwa ba a ɗaki zai yini ba, a tsakar gida ne.

'Yan'uwa, abin da ya fi komai hatsari a can shi ne ruwa. A rahotonta na 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 ne ruwa ya fi ci. Ba sai kogi ba. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi bisa ga jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kifa ciki, ba ya iya ɗagowa, ba ya kuma iya kuka. Mai reno tana iya kasancewa a bakin murhu, taku goma daga wurin, ba ta ji komai ba.

Saboda haka rijiya tana bukatar baki mai tsawo da murfin ƙarfe da kwaɗo. Guntun kwanon rufi da aka danne da dutse ba murfi ba ne, gama duk wanda ya ja ruwa yana gaggawa a buɗe zai bar ta. Duro da randa su zauna a rufe, bahon wanki kuma a kifar da shi da zarar an gama. Ramin da aka haƙi ƙasar gini a cike shi kafin damina. A 2021 hukumar nan ta ba da shawara a riƙa tara yara 'yan ƙasa da shekara 6 wurin mai reno domin kare su daga ruwa. Amma ina amfanin tara su kusa da rijiya a buɗe?

Sai kananzir da fetur na janareta, waɗanda muke zubawa a kwalbar lemo. Yaro ya san kwalbar, bai san abin da ke ciki ba. In ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin man yana iya shiga huhunsa. A kai shi asibiti nan da nan. Maganin ɓera da na ƙwari su ma a kulle su can sama. Murhu a kange shi, ko da da zana ne.

Yawan yaran ma abin dubawa ne. A Ingila, ƙa'ida ita ce mai reno a gida kada ta riƙe fiye da yara 6 'yan ƙasa da shekara 8, a cikinsu kuma ƙanana kada su wuce 3. A nan sai ka tarar da mace ɗaya da yara 10, ga girki, ga talla, ta bar wa 'yar shekara 7 tsaronsu. A ganina wannan ba reno ba ne.

Uwa, ki je gidan da hantsi ba tare da sanarwa ba, lokacin da aiki ya kacame. Ki taɓa murfin rijiya da hannunki, ki tura ƙofar waje ki ga ko tana da sakata sama da inda hannun yaro zai kai.